Kukan Motar Velizar

Ku da kuka cika mini akwatin saƙo kuna tambayar abin da ya hana ni rubutu kwana tara, to ga ni, kuma yau ba zan ɓoye muku komai ba, har da inda za ku yi mini dariya. Ga wanda yau ya fara leƙowa: sunana Zornitsa, a gida Zori ake ce mini, shekarata ashirin da bakwai, kuma kanikanci nake yi a garejin mahaifina a Asenovgrad. Eh, garin nan da amare ke zuwa daga ko'ina sayen rigar aure. Mahaifiyata Rumyana ta ɗinka wa 'ya'yan mutane fararen riguna ba adadi, ita kuma 'yarta tilo kullum da baƙin mai a ƙarƙashin farce take dawowa gida. Sai ku ƙiyasta irin zaman da muke yi.

Ranar Litinin da safe muna karyawa, Tate, wato mahaifina Dobrin, ya ajiye kofin shayinsa da hannu biyu. Tun bara hannunsa na dama ke rawa, mu kuma a gidan duk mun koyi yin kamar ba mu gani ba.

"Akwai mai son sayen garejin," ya ce.

"Ya yi me da shi?"

"Shagon rigunan amare."

Mama ta ci gaba da shafa wa burodi man shanu, fuskarta fes, irin ta wadda ta riga kowa jin labari. A garejin nan na koyi tafiya. Har yau akwai zanen tsawona a jikin ƙofarsa, Tate yana ja da ƙusa duk ranar haihuwata.

"Tate, ai ga ni. Me ya sa na yi shekara biyu a Plovdiv ina koyon gyaran motocin lantarki?"

"Firji mai taya," ya ce. Sunan da ya raɗa musu ke nan. "To ga ɗaya ta zo miki sau biyu tana kuka, sau biyu kina sallamar ta da kukanta. Kwamfutarki ta ce lafiya lau. Ni a zamanina, daga bakin titi nake gane ciwon mota."

"To ka gane na wannan mana."

"Boris ɗin taya ne, ƙarfen nan da take juyawa a kansa."

"Na duba, ba shi ba ne."

Ya buɗe tafin hannunsa ya ɗora a kan tebur, yana ɗan karkarwa. "Ranar Lahadi, wajen cin abincin rana, ki sa mini abin da ke kukan a nan. Ba bayani ba, abin kansa. In kin kawo, mabuɗin gareji naki ne. In ba ki kawo ba, Litinin zan sa hannu."

"Lahadi ta yi daidai," Mama ta ce da wata murya mai zaƙi. "Dokta Krasimir ma zai zo. Ina ɗinka miki koriyar riga."

Dokta Krasimir likitan haƙori ne, ɗan ƙawar Mama. Mutumin kirki ne, ban da abin da zan ce a kansa, sai dai in yana yi maka magana bakinka yake kallo. Ya taɓa gaya wa Mama cewa matarsa ba za ta wahala ba, kujerar karɓar baƙi a asibitinsa na nan tana jiran ta. Tun ranar Mama ke kallon hannuwana kamar wani tabo da ya ƙi fita a farin yadi.

Motar da ke kukan kuwa, ta Velizar ce. Na san wasunku sun fara murmushi. Tasi yake tuƙawa, dogo ne siriri, kullum cikin rigar sanyi ruwan toka mai faci a gwiwar hannu, kuma shekara guda ke nan yana kawo mini mota a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bai taɓa ce mini komai ba. Ni ma ban taɓa ce masa ba, sai abu ɗaya da na yi, wanda dole in ba ku labarinsa kafin mu ci gaba.

Ranar ɗaya ga Maris, da kowa ke ɗaura wa nasa martenitsa, zaren nan ja da fari na fatan lafiya da ake sawa a hannu har a ga shamuwar farko, na sayo cike da leda a kasuwa na rarraba wa masu kawo mana gyara. Amma guda ɗaya da hannuna na murɗa. Na ɗebi ragowar farin siliki da ja a ɗakin ɗinkin Mama, na zura masa shuɗin dutsen ado daga akwatinta. Ta kama ni ina murɗawa.

"Na wa ne wannan da ake cije leɓe a kansa?"

"Na ƙawata ne."

Da ƙawar tawa ta zo gidanmu da na kasuwa a hannunta, Mama ta ɗaga gira. Na ce ai ya ɓata mini a hanya. Gaskiyar magana, a hannun Velizar ya ɓata. Na ɗaura masa da sauri ina ce masa kowa ma na ba shi, ya ce ya gode, kunnuwansa suka yi ja. Mako biyu da rabi ina ganin zaren a tsintsiyar hannunsa. Rannan ya zo babu. Na san dai ya ga shamuwa ya cire ya ɗaura a itace mai fure kamar kowa, babu laifi a ciki. Amma ku ji haukata: sai da na bi itatuwan bakin kogi ɗaya bayan ɗaya ina leƙa rassa, wai ina neman shuɗin dutse. Ban gan shi ba, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya kamata.

To mu koma kan mota. Ranar Laraba na sa ya sake kawo ta. Na ɗaga ta sama, na juya kowace taya da hannu, na kasa kunne, shiru. Na duba birki, na jijjiga duk abin da ke jijjiguwa a ƙarƙashinta. Na jona kwamfuta, ta ce babu matsala. Na zaga unguwa da ita sau uku tagogi a rufe, ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Wahalar motar lantarki ke nan: ba ta da rugugin inji da zai rufe mata asiri, ɗan ƙaramin sauti ma sai ya cika ta, amma in ta ga dama ta yi gum sai ka rasa ta inda za ka kama.

"Kwatanta mini kukan," na ce masa.

Ya gyara tsayuwa, ya tsuke baki. "Furrrrr. Kamar an rufe tattabara a kwali."

"Jiya ka ce kamar keken ɗinki."

"Jiya keken ɗinki ne, Oga Zori. Yau tattabara."

Tate na zaune a kan kujerarsa ta bakin ƙofa yana jin mu. "Boris ɗin taya," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Ranar Juma'a da yamma ina wanke hannu wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Velizar, na daƙiƙa arba'in. Na saurara sau biyar. Babu abin da ke ciki sai numfashinsa da wani fasinja yana ƙorafin tsadar tumatir.

Na rubuta: *Wannan kukan motar ne ko naka?*

*Ta yi fa. Ina danna waya ta daina.*

*A ina kake lokacin?*

*Hanyar Bachkovo, wajen hawa. Mutum huɗu da jakunkunansu.*

*Sauran lokutan fa?*

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna rawa. Can sai ga shi: *Yanzu da kika tambaya, kusan kullum bayan na yi cajin gaggawa ne. Ko in ta sha hawa.*

Na zauna a kan tsohuwar taya na dafe kai. Duk zuwan da ya yi, da sanyin safiya yake zuwa, motar ta kwana tana hutawa. Ni kuma ina ta neman ciwo a jikin mai barci.

*Gobe ƙarfe goma ka zo ka ɗauke ni. Kada ka ɗauki kowa.*

*Ranki ya daɗe,* ya rubuto, da hoton tattabara.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar Asabar sai da na canza riga sau uku kafin na tuna cewa kayan aiki zan ɗora a kai. Na dai ɗaure gashina da jan ƙyalle, na sa 'yan kunnen da ba na sawa a gareji. Mama ta bi ni da kallo har bakin ƙofa.

"Motar ce za ta ga 'yan kunnen?"

"Sun daɗe a ajiye ne, kada ramin ya toshe."

Muka kama hanyar dutse, kogi na gefenmu, itatuwa duk sun yi fure, kowanne ɗauke da zaren mutane ja da fari. Na ce ya taka ta sosai. Velizar irin direban nan ne da ke ba kaza hanya, sai da na ce masa ko kakata ta fi shi sauri sannan ya ɗan matsa. Mun yi kusan minti ashirin muna hawa, sai ga shi. Furrrrr, can ƙasa ta gaba, siriri, da ɗan ƙas-ƙas a cikinsa.

"Kin ji ko? Kin ji ba ƙarya nake ba?"

"Yi shiru. Rage gudu."

Ya rage. Kukan bai canza ba.

"Tsaya a gefe."

Ya tsaya cak. Tayoyi sun daina juyawa, amma kukan na nan yadda yake. Na ji wani daɗi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Boris ba ya kuka in taya na tsaye. Abin da ke juyawa a motar lantarki tana tsaye bai wuce biyu ba: fankar da ke sanyaya batir, ko famfon da ke zagaya da ruwan sanyin. Su kuwa ba sa tashi da ƙarfi sai batir ya ɗau zafi.

"Mayar da ni gareji," na ce. "Kuma don Allah ka wuce keken can."

Tate ya tafi aski, garejin babu kowa. Na jona mata caji har kukan ya dawo, na tabbatar daga bayan ragar gaba yake fitowa. Na kashe komai, na ɗaga ta, na sa safar hannu, na kwance murfin roba na ƙasa, na haska tocila sama.

Fankar lafiyarta lau. Amma a jikin sandar raga ta can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an durƙusa, an ɗaure wani zare da ƙulli uku. Iska ta tura jelarsa ciki, ta miƙe har bakin fukafukan fankar. A ƙarshen jelar akwai shuɗin dutse, gefensa ɗaya ya goge ya yi fari saboda duka.

Na daɗe a ƙarƙashin motar nan fiye da yadda aikin ke buƙata. Ina jiran fuskata ta huce ne.

Da na fito na ɗaga masa zaren, ya yi baƙi da ƙura amma ana gane shi. Velizar ya kalle shi, ya kalli motar, ya kalli ƙofa kamar mai auna ko zai kai da gudu.

"Ga tattabararka," na ce.

"Ba na jin shi ne."

"Velizar."

Ya shafa ƙeya. "Na ga shamuwa ne a kan turken lantarki a hanyar Plovdiv. Dole in cire. Na tsaya gaban wani itace, sai na ga zaren mutane ya fi ɗari a kai, duk na kasuwa. Na kasa barin sa a cikinsu."

"Sai ka ɗaura wa mota."

"An ce a ɗaura a abin da ke ba da 'ya'ya. Ni ba ni da gona, ba ni da lambu. Ita ce itacena." Ya nuna gaban motar. "Kuma duk inda na je yana gabana."

Na so in ce wani abu mai daɗi, na rantse muku na so. Abin da ya fito daga bakina shi ne: "Ka san ka kusa kashe fanka?"

"Na sani yanzu."

"Kuma ka kusa sa a sayar mana da gareji."

Sai na ba shi labarin tafin hannun Tate da zaman Lahadi, har da Dokta Krasimir, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ya murza facin gwiwar hannunsa.

"Mamanki za ta gane zaren?"

"Silikinta ne. Ko a duhu za ta gane."

Ya sunkuya ya tsinci wani guntun leda mai kauri a ƙasa, ya miƙo mini. "Ki ce wannan kika samu. Ni ba zan faɗa wa kowa ba. Kada ki shiga rigima da gidanku saboda wautata."

Na karɓa. Na sa ledar a aljihun hagu, zaren a na dama, na mayar da murfi na ɗaure. Muka sake yi mata caji har fanka ta tashi, babu abin da ake ji sai hucin iska. Ya shiga motarsa ya tafi.

Ranar Lahadi Mama ta tashi tun da sassafe. Ta gasa banitsa, wato burodi mai falle-falle da cuku a ciki, ta naɗe nama da shinkafa a ganyen kabeji, ta fito da farantan da ba a taɓa su sai Kirsimeti. Koriyar rigar kuwa, dole in yaba mata, ta zauna mini ɗas: wuya mai zagaye, hannu zuwa gwiwa, da ƙananan maɓallai goma sha biyu a baya waɗanda sai da ta ɓalla mini da kanta tana cewa in daina numfashi kamar mai ɗaga injin. Abu ɗaya na roƙa tun tana ɗinki, ta sa mini aljihu. Ta sa guda biyu tana mita.

Dokta Krasimir ya iso ƙarfe ɗaya daidai da furanni, cikin kwat mai ruwan ƙasa. Ya yabi abincin, ya yabi labule, ya gaya wa Tate cewa yana tauna da gefe ɗaya. Ni dai ina zaune hannuwana a aljihun rigar, na hagu a kan leda, na dama a kan zare. In na ba da leda, garejin nawa ne, Mama ba ta san komai ba, Dokta zai ci gaba da zuwa duk Lahadi har ranar da zan gaji in ce to. In na ba da zare, ban san abin da zai biyo baya ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban wayar wuta.

Tate ya ture farantinsa, ya buɗe tafin hannu a kan tebur. Yana rawa, bai ɓoye ba.

Na kalli hannun nan da ya koya mini riƙe sifana, na ga ba zan iya sa masa ƙarya a ciki ba. Na ciro na dama.

Ya ɗaga zaren wajen haske, ya juya dutsen, ya shafa gefen da ya goge da babban yatsa.

"Fanka?" ya ce.

"Fanka. Sai batir ya yi zafi take tashi, dutsen na dukan fukafukai. Mota na tsaye ma yana yi."

"Ashe ba boris ba ne." Sai kafaɗunsa suka fara girgiza don dariya. "Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, zare ya kayar da ni." Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro mabuɗin, da tsohon maƙalinsa na fata da ya yi baƙi, ya ajiye kusa da farantina. Ya ce a miƙo masa gishiri kawai, idonsa ya yi ja.

Ban gama rufe hannuna a kan mabuɗin ba na ji muryar Mama.

"Ba ni nan."

Ta sa tabaranta na ɗinki. Ta murza zaren tsakanin yatsu biyu, ta kankare ƙurar da farce har farin ya fito.

"Wannan silikin rigar amaryar nan ta garin Haskovo ne," ta ce a hankali. "Wannan kuma dutsen akwatina. Wanda ya ɓata a hanya." Ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau. "Wace hanya ce, Zori?"

"Hanyar Plovdiv, Mama."

"Motar wa?"

Tate ya amsa a madadina, yana barbaɗa gishiri. "Ta yaron nan mai kukan tattabara. Shekara guda yana kawo mana lafiyayyar mota, na zaci ko kin sani."

Dokta Krasimir ya ajiye cokalinsa. Mutumin kirki ne, na faɗa muku. Ya kalli bakina, karon farko ina jin ba haƙora yake dubawa ba, ya ce, "Ashe haka ne." Na ce masa haka ne, ya yi haƙuri.

Mama ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta cire tabarau ta ninke.

"Ƙulli nawa ya yi masa?"

"Uku."

"Hm." Ta naɗe zaren a yatsanta. "Kira shi. Ina son in ga mutumin da ya ɗauki silikina ya ɗaura wa mota."

"Yanzu?"

"Abinci na hucewa."

Na ciro waya. Ashe akwai saƙonsa tun minti hamsin da suka wuce, ban ji shigowarsa ba: *Wanne kika ba shi, hagu ko dama?*

Na rubuta: *Dama. Mama ta ce ka zo. Minti nawa za ka yi?*

Amsar ta zo nan take. *Leƙo taga.*

Na ɗaga labule. Ga motar a bakin ƙofarmu, daf da tagar ɗakin cin abinci, ga shi a tsaye kusa da ita cikin farar riga da alama yau aka fara sa ta, yana riƙe da kwalin alewa da hannu biyu. Kusan awa guda yana wurin, mu huɗu a ɗaki babu wanda ya ji isowarsa. Ni na gyara motar da hannuna, yanzu ko sauti ba ta yi.

Na juya zan nufi ƙofa, Mama ta riga ni tashi.

"Zauna," ta ce. "Ni zan buɗe."

Ta gyara zaman rigarta, ta fita zuwa ƙofar da zaren naɗe a yatsanta.